Ishaku Mai Hoto da Kakan Mutanen Bukuru

Duk wanda ya tashi a Bukuru ya san shagon Malam Ishaku mai hoto, ko da bai taɓa leƙawa ba. Wani ɗan ɗaki ne a layin da ke gangarawa kasuwa, tsakanin mai injin markaɗe da wani mai gyaran agogo da ya daɗe da komawa sayar da cajar waya. A ƙofar akwai benci, a kan bencin akwai Ishaku, dogo siriri, sanye da wata rigar sanyi mai ruwan ƙasa wadda ba ya rabuwa da ita ko ana tafasa ƙwai da rana. A ciki kuwa akwai labule mai zanen teku da bishiyar kwakwa. Rabin amaren garin sun tsaya a gaban wannan teku an ɗauke su, alhali ruwa mafi girma da yawancinsu suka taɓa gani shi ne kududdufin da masu haƙar kuza suka bari a bayan gari.

Ubansa, Mamman, lebura ne. Yana saurayi ya taho daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, zamanin da kamfanonin Turawa ke neman duk mai wuya mai ƙwari. Aikinsa shi ne ya cika kwano da ƙasa a gindin rami, ya ɗora a ka, ya hau, ya juye, ya sauka ya sake cikawa. Ishaku yana goye a bayan uwarsa ramin ya rufta da Mamman da wasu 'yan uwansa leburori. Ba a tono su ba, aka dai matsa gaba aka ci gaba da haƙa. Abin da Mamman ya bari shi ne tabarma, da gammo, da hoto guda ɗaya da wani Bature ya ɗauke shi a bakin aiki ya aiko masa ta hannun heluma, shugaban leburori.

A hoton, Mamman yana tsaye da kwano a ka, da gajeren wando yagagge, ƙafafu duk laka. Doguwar fuska gare shi, da ɗan tsagu a kunnen hagu, yana kallon mai hoton da irin kallon wanda aka katse wa aiki. Uwar Ishaku ta naɗe hoton a tsumma ta adana shi cikin gwangwanin biskit har ta tsufa. Da ta ji jikinta ya ƙi, ta kira ɗanta ta miƙa masa. Ta ce tunda Allah ya sa hoto ne sana'arsa, ya ƙara masa girma, ya rubuta sunan ubansa a ƙasa, ya rataye inda mutane za su gani, domin mutumin nan ba shi da kabarin da za a nuna. Ishaku ya ce to, da hawaye a idonsa. Daga nan ya yi abin da kowane mai sana'a yake yi da aikin gidansu, ya ajiye sai ya sami sarari.

Sana'ar a hannun wani Bayarabe ɗan Ogbomosho ya koye ta, tun ana shiga ɗakin duhu a wanke hoto. Can ya gane cewa ba mai zuwa shagon hoto don ya ga kamanninsa. Kowa wanda yake so ya zama yake nema. Don haka ya ƙware a fensir da almakashi da gam: ya share ƙuraje, ya miƙe hanci, ya cike giɓi, ya rage wa uwar miji harara. Ya ci zamaninsa. Ranar Sallah layi har bakin titi, ranar Kirsimeti ma haka, shi kuwa bai taɓa tambayar kowa inda yake ibada ba, in dai zai tsaya cak ya daina ƙifta ido. Da wannan ya auri Hasiya, ya yi ɗan gidansa, ya aurar da 'yarsa Rahma.

Sai abubuwa biyu suka faɗo wa garin. Na farko rikice-rikicen da aka yi, waɗanda ba mai son tunawa amma ba mai mantawa. Na biyu wayar hannu, wadda ta mayar da kowane ɗan acaɓa mai hoto. Ishaku ya koma zaman benci yana korar ƙuda, har ya fara tunanin ko shi ma ya bi maƙwabcinsa ya kama sayar da caja.

Wata tsohuwa ce ta buɗe masa ƙofa ba da saninta ba. Mama Ana sunanta, mutuniyar Gyel, mai sayar da dankalin turawa a kasuwa. An ƙone mata ɗaki a rikici, komai ya tafi, har da hoton ubanta guda ɗaya da take da shi. Za a yi addu'ar tunawa da shi a coci, ana son hoton da za a buga a takardar taro, ga shi babu. Ta zauna a bencin Ishaku tana kwatanta masa shi: dogo ne, baƙi, doguwar fuska, ba ya dariya. Ta ce ita yanzu ko ta rufe ido fuskar ba ta zuwa mata. Tausayi ya kama Ishaku. Ya shiga ciki ya buɗe gwangwanin biskit, ya sake ɗaukar hoton Mamman, ya yanke kan, ya manna shi a jikin wani malamin coci mai kwat, ya gyara wuyan da fensir, ya sake ɗauka ya wanke. Sannan ya tsoma shi a ruwan shayi mai kauri ya shanya a kan kwanon rufi, har ya yi ja irin na tsofaffin hotuna. Da Mama Ana ta dawo ta karɓa, ta daɗe tana kallo. "Shi ne," ta ce. Ta rungume shi a ƙirji ta tafi tana kuka.

Ishaku ya yi niyyar ya tsaya nan, amma labari ya riga ya fita cewa yana iya nemo wa mutum kakansa. Kakanni kuwa sun yi tsada a lokacin. Tun bayan rikici, babu zancen da ake yi a majalisa da mashaya sai na wa ya riga wa zuwa. Tarihin Bukuru ya zama kamar bargo ɗaya a ɗakin sanyi, kowa yana ja wajensa. Wasu su ce kakanninsu na noman acca a nan tun duwatsu na da laushi. Wasu su ce daji ne da kuraye kafin kakanninsu su kafa rumfar farko. Wasu su ce duk zance ne, jirgin ƙasa ne ya yi garin, kuma kowa ya san waɗanda suka zo da jirgi. Mai magana da baki kawai ba a sauraronsa. Sai wanda zai ce a zo falonsa a gani a bango.

Alhaji Abdulfatah, mai motocin haya da ke jigila tsakanin Bukuru da Jos, shi ya fara zuwa, bayan la'asar, yana waige-waige. Yana son kakansa da rawani da alkyabba, irin wanda ya iso kafin a shimfiɗa layin dogo. Bayansa sai Baba Dantong, tsohon hedimasta, wanda ke son nasa kakan a kan ɗan doki, da mashi da fatar damisa a kafaɗa. Sai Livinus mai kayan gyaran mota, wanda ya ce nasa akawun tashar jirgi ne, a sa masa jar hula da agogon aljihu. Daga nan ƙanana suka biyo baya, masu neman liman, masu neman maharbi, masu neman sarkin pawa. Kowa ya san abin da ya zo saya, kowa kuma ya ɗauka an ware masa fuska tasa shi kaɗai.

Fuskar kuwa ɗaya ce. Ba wai Ishaku ba shi da wasu tsofaffin hotuna ba ne, akwai su cike da kwali. Amma duk fuskar da ya ɗauko tana da dangi a garin, waɗanda za su gane ta su tayar da ƙura. Mamman ne kaɗai ba shi da kowa sai shi. Ga shi kuma fuska ce mai haƙuri, rawani ya karɓe ta, jar hula ta karɓe ta, fatar damisa ma ta zauna mata daram. Haka Mamman lebura, wanda bai taɓa mallakar riga biyu ba, ya bi gidajen Bukuru da Gyel da Zawan da Kuru yana sauya kaya.

Abin takaicin, wanda ya kamata ya ba mutanen garin kunya, shi ne shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya lura. Ta yaya za a lura? Mutanen da a da suke aika wa juna naman Sallah da shinkafar Kirsimeti, suke kwana a gidan makokin juna, yanzu sai dai a haɗu a kasuwa ko layin banki a yi gaisuwar baki. Ba mai taka falon wani. Alhaji Abdulfatah yana nuna wa baƙinsa kakansa a unguwarsu, Baba Dantong yana nuna wa nasa baƙin kakansa a tasu unguwar, tsakaninsu tafiyar da ba ta isa ta sa mutum gumi ba, kuma asirin Ishaku yana kwance lafiya a tsakiya.

Hasiya ce kaɗai ta sani, ita kuwa bakinta ba ya ajiya. In ta ga ya haɗa shayi mai kauri bai sa sukari ba, sai ta tambaye shi yau kuma ina surukinta zai tafi. Ta ce mutumin nan ya je Makka, an yi masa baftisma, ya hau doki, ya sayar da tikitin jirgi, bawan Allah ko hutu babu. Ishaku ya yi dariya, har ranar da ta ƙara da cewa: "Baban Rahma, bangon gidan ɗansa ne kaɗai bai hau ba." Wannan ba ta ba shi dariya ba. Ta tsaya masa a ƙirji, domin gaskiya ce, kuma alkawarin da ya yi wa uwarsa yana nan yadda ya bar shi.

Ana haka sai kwamitin zaman lafiya na garin, wanda aikinsa shan lemo da ɗaukar hoto, ya sami tallafin wata ƙungiya daga Abuja. Ƙungiyar ta turo wata budurwa mai suna Angela, mai fara'a da saurin tafi, ta ce za a yi Ranar Tarihin Bukuru da Kewaye. Kowane gida ya kawo hoton kakansa mafi tsufa, a jera su a bango ɗaya a zauren wata makarantar firamare, domin jama'a su ga tushensu su ƙaunaci juna. Alhaji Abdulfatah da Baba Dantong duk 'yan kwamitin ne, kowannensu ya amince nan take, don kowa yana ganin ranar da zai kashe bakin ɗaya ce ta zo.

Da labari ya iso benci, Ishaku ya ga asirinsa na shirin tonuwa. Ya kasa cin tuwo, ya fara zancen ko ya je Zariya gaishe da dangin da bai taɓa gani ba. Hasiya ta ce ya tafi mana, ita za ta zauna ta karɓi duka a madadinsa. Ya yi kwanaki yana juya abin, sai tsoron ya fara komawa wani abu dabam. Ya ga cewa in asiri zai tonu, to aƙalla garin duka zai taru a wuri ɗaya yana kallon fuskar ubansa. Ba zai sake samun irin wannan rana ba. Ya buɗe gwangwanin, ya ƙara wa hoton girma yadda yake, da kwanonsa da lakarsa, bai taɓa shi da fensir ba, bai tsoma shi a shayi ba. Ya sa shi a firam mai gilashi, ya rubuta a ƙasa da hannunsa: Mamman, lebura. Ya naɗe shi a zanen Hasiya.

Ranar taro da hantsi zauren ya cika. An zo da manyan riguna da kwat da ɗaurin ɗankwali, kowane gida rungume da kakansa a juye, kada wani ya riga gani. Angela ta ce a rataye. Aka rataye, aka ja da baya don a kalla, sai surutu ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Daga wannan kusurwa zuwa waccan, mutum ɗaya ne yake kallonsu. Ga shi da rawani, ga shi a kan doki, ga shi da jar hula, ga shi da kwat, ga shi da carbi, ga shi da baka da kwari. Doguwar fuska ɗaya, kallo ɗaya, kuma kowanne da ɗan tsagu a kunnen hagu. Ishaku yana can baya jikin taga, ya riga ya cire tabarau ya sa a aljihu don kada a fasa masa.

Ba wanda ya juyo wajensa. Nan ne bai yi lissafi daidai ba. Duk wanda zai nuna shi da yatsa, sai ya fara faɗin inda ya samo nasa kakan, a gaban abokan gardamarsa. Don haka manyan gari suka yi tsuru-tsuru, kowa yana gyaran murya yana duba takalminsa. Angela ce ta cece su. Ta buga tafi, idonta ya kawo ruwa, ta ce ita ba ta taɓa ganin abin al'ajabi irin wannan ba, ashe duk jini ɗaya ne, ga shaida a bango. Zauren ya sauke numfashi, aka kama tafi kamar za a fasa hannu. Baba Dantong ya miƙe ya ce dama an san kakansa da yawan 'ya'ya, ba mamaki wasu sun bazu sun manta gida. Alhaji Abdulfatah ya ce sai dai in akasin haka ne, don nasa kakan ya yi aure-aure a ƙauyukan kewaye. Har an fara ɗaga murya, gardamar ta koma inda ta saba.

A nan Ishaku ya ratsa mutane ya fito gaba. Ya kwance zanen, ya ɗaga firam ɗin sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, wannan shi ne na asali," ya ce. "Sunansa Mamman. Ubana ne. Lebura ne, rami ya rufta da shi a bayan garin nan, ba a tono shi ba. Ina roƙon a ba shi ƙusa ɗaya a bangon nan da sunansa."

Aka zuba wa kwanon da yagaggen wandon ido. Alhaji Abdulfatah ne ya fara farfaɗowa. "Malam Ishaku, ka ji tsoron Allah," ya ce. "Ka ɗauki fuskar kakana ka tuɓe masa rawani ka ɗora masa kwanon ƙasa? Me muka yi maka?" Baba Dantong ya matso ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, ya ce shi ma abin da zai faɗa ke nan, wannan cin mutuncin magabata ne, kuma duba ma hoton fari tas, ko tsufa bai yi ba. Livinus ya girgiza kai ya ce, "Oga Ishaku, kowa ya san hannunka. Kai kana iya sa ma mutum kowane kaya." Shekara da shekaru ana kashe kuɗin lemo don a ga Alhaji da Baba Dantong sun yarda da juna a kan abu ɗaya, ba a samu ba sai ranar.

Ishaku yana da hujja. Guntayen da ya yanka suna nan a kwali a shago, jikin malamin coci marar kai, dokin da ba mahayi, duk bai zubar ba, kuma ɗan ƙaramin hoton na asali yana cikin gwangwani. Ya buɗe baki zai ce a biyo shi a gani, sai idonsa ya faɗa kan Mama Ana. Ta tsufa ƙwarai, an kawo ta a keke napep. Ba ta bi ta kan gardamar ba, tana tsaye gaban nata hoton, tana goge gilashin da bakin zanenta, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Duk cikin waɗanda suka kawo hoto, ita kaɗai ce ba ta san nata na haɗi ne ba. Ishaku ya ga cewa in ya karɓi ubansa, sai ya ƙwace nata. Baƙin ciki ya cika shi, ya rufe bakinsa. Ya mayar da firam ɗin cikin zane ya fita, ba wanda ya tare shi.

Bayan sati biyu kwamitin ya aiko masa, ba kunya ba tsoron Allah. An yanke shawarar kafa babban allo a bakin tasha da hoton Kakan Bukuru, kuma ba wanda ya iya aikin sai shi. Sun yi zama uku a kan abin da za a sa wa kakan a ka. Masu rawani suka ƙi hular gashin tsuntsu ta gargajiya, masu hular gashin tsuntsu suka ƙi rawani, Livinus ya ce in ba jar hula ba ya janye gudummawarsa. A ƙarshe aka daidaita a kan a bar kan haka nan, fuska kawai, a rubuta Kakanmu Ɗaya a ƙasa. Ishaku ya roƙi a ƙara suna, ko da ƙanana ne haruffan. Aka ce suna shi ne zai dawo da rikici.

Ya karɓi aikin. Hasiya ta ce ba shi da zuciya. Ya fitar da fuskar daga hoton asali, bai gyara komai ba, har shatin gammo a goshi ya bari. Tun yana yaro a shagon Bayarabe ya san cewa mai hoto yana da haƙƙin sa sunansa a kusurwar aikinsa, kuma ba kwamitin da ya taɓa hana wannan. Duk rayuwarsa Ishaku Mai Hoto yake sawa. Wannan karon, a kusurwar dama ta ƙasa, ya sa cikakken sunansa: Ishaku ɗan Mamman Lebura. Aka kafa allon, aka yanka ƙyalle, aka sha lemo, ba wanda ya duba kusurwa.

Allon yana nan har yanzu, Mamman yana kallon motocin Jos suna lodi da irin kallonsa na wanda aka katse wa aiki. Matsalar kawai ita ce kusurwar nan ta yi daidai da tsawon hannun masu manna fosta. Yau ɗan takarar kansila ne, gobe mai maganin basir, jibi taron raya ruhaniya, duk a kan sunan suke mannawa. Don haka kowace Asabar da safe za ka ga Ishaku, da rigarsa ta sanyi, riƙe da gwangwanin ruwa da tsohuwar reza, yana jiƙa takarda yana kankarewa a hankali har haruffan su fito. 'Yan tasha sun ɗauka kwamiti ne ke biyansa, har suna yi masa kirarin ma'aikacin zaman lafiya. In ya gama yakan ja da baya ya karanta sunan sau ɗaya, ya ce, "Baba, sai wani satin," ya ɗauki gwangwaninsa ya koma shago.